Waiwaye: Rigimar Shata Mazaɓu a Farkon Jamhuriyar Amurka

Kujeru 65 kacal aka tanadar wa Majalisar Wakilan Amurka ta farko. Jihar Virginia, wadda ta fi kowacce yawan jama'a a lokacin, ta samu 10, Massachusetts da Pennsylvania kowacce 8, Delaware da Rhode Island kuwa kujera ɗai-ɗai. Dattawan da suka zauna a birnin Philadelphia a 1787 suka rubuta kundin tsarin mulki sun sha ja-in-ja kafin su daidaita a kan wannan rabo. Amma akwai ƙofa ɗaya da suka bari a buɗe. Sun ce majalisar dokokin kowace jiha ita za ta tsayar da lokaci da wuri da yadda za a zaɓi wakilanta, sai dai in Majalisar Tarayya ta ga dama ta sa baki. Ba su ce a yanka jiha mazaɓa-mazaɓa ba, ba su kuma hana ba. Ta wannan ƙofa rigimar fiye da shekara 50 ta shigo. Ita nake so mu waiwaya, domin tsarin shugaban ƙasa da majalisu biyu da Nijeriya ta runguma a 1979 daga can aka aro shi, kuma wanda ya ari abu ya kamata ya san inda ya taɓa tsagewa.

Masu rubuta kundin ba su yi wa jam'iyyu tanadi ba, don a ganinsu ƙungiyar siyasa fitina ce. James Madison da kansa ya yi dogon rubutu a jarida cikin Nuwamba 1787 yana bayanin yadda faɗin ƙasar zai karya lagon ɓangaranci. Sai ga shi tun kafin a jefa ƙuri'ar farko ƙasar ta riga ta dare gida biyu: masu goyon bayan sabon kundin, waɗanda ake kira Federalist, mu ce 'yan Tarayya, da masu tsoron kada gwamnatin tsakiya ta haɗiye jihohi. Kowane ɓangare ya duba inda ƙarfinsa yake, sannan ya tsara dokar zaɓe yadda za ta yi masa daɗi.

A Pennsylvania 'yan Tarayya ke riƙe da majalisar jiha, ƙarfinsu kuma yana Philadelphia da gundumomin gabas masu cunkoso. Sun san in aka yanka jihar gida 8, manoman karkara da na bayan duwatsu za su turo nasu mutanen. Sai suka ce jihar gaba ɗaya mazaɓa ɗaya ce: kowane mai zaɓe ya rubuta sunaye 8, waɗanda suka fi ƙuri'a su tafi majalisa. A irin wannan tsari, wanda ya yi rinjaye ko da da ƙyar ne yana iya kwashe kujerun kaf. 'Yan Tarayya suka fitar da jerin 'yan takararsu a taron Lancaster, 'yan adawa suka fitar da nasu a Harrisburg. Da aka yi zaɓe a Nuwamba 1788, mutum 6 daga jerin Lancaster suka ci. Ragowar biyun, Peter Muhlenberg da Daniel Hiester, ƙuri'un 'yan'uwansu 'yan asalin Jamus ne suka tsallakar da su. William Findley, muryar manoman yamma, ya sha ƙasa, bai shiga majalisar ba sai da aka koma tsarin mazaɓu a 1791. A 1792 aka sake mayar da jihar mazaɓa ɗaya, a 1794 aka sake yanka ta.

Ta New Jersey ta fi muni. Dokarsu ta faɗi ranar buɗe rumfunan zaɓe, ba ta faɗi ranar rufewa ba. Aka fara jefa ƙuri'a a Fabrairu 1789, gundumomin yamma suka ƙi rufe nasu suna jiran su ji abin da gabas ta tara, gundumar Essex ta gabas ita ma ta bar nata a buɗe har ƙarshen Afrilu. Gwamna William Livingston da majalisarsa suka tsayar da ƙidaya a watan Maris suka bayyana mutum 4, aka kai ƙara Majalisar Wakilai, ta bar su a kujerunsu.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Virginia, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Patrick Henry, tsohon gwamna, mutumin da ba a ja da shi a fagen magana, ya yaƙi sabon kundin a taron Richmond na Yuni 1788, aka kayar da shi da ƙuri'a 89 da 79. Madison ne ya jagoranci waɗanda suka kayar da shi. To amma majalisar dokokin jihar a tafin hannun Henry take, kuma a wancan zamani majalisun jihohi ke zaɓen sanatoci. Aka hana Madison kujerar dattawa, aka tura Richard Henry Lee da William Grayson, dukansu masu adawa da kundin. Da aka zo shata mazaɓu 10, aka haɗa Orange, gundumar Madison, da wasu gundumomi 7 waɗanda wakilan mafi yawansu suka ƙi amincewa da kundin. Aka ƙara da sharaɗin cewa ɗan takara sai ya shekara yana zaune a mazaɓar da yake nema, wato ba shi da damar sulalewa ya nemi inda ya fi sauƙi. Sannan aka tsayar masa da James Monroe, matashi ɗan shekara 30, tsohon soja da ya ji rauni a yaƙin Trenton a 1776, kuma amininsa ne, har fili suka taɓa saya tare a jihar New York. Abokan Madison sun tabbata tarko Henry ya ɗana. Masana tarihi sun saɓa a kan haka, wasu na cewa gundumomin maƙwabtan juna ne, haɗa su ba abin mamaki ba ne. Ko da gangan ko ba da gangan ba, Madison ya wayi gari a mazaɓar da ba tasa ba.

Shi kuwa mutum ne mai ƙyamar yawon neman ƙuri'a. A 1777 ya taɓa rasa kujerar majalisar jiha saboda ya ƙi bin al'adar shayar da masu zaɓe giya, wani mai mashaya ya kayar da shi. Wannan karon abokansa suka yi ta aika masa wasiƙu: in ba ka dawo gida ka nuna fuskarka ba, ka faɗi. Ya dawo a ƙarshen Disamba 1788 ya tarar an baza cewa wai ya ce kundin ba ya buƙatar gyara ko na harafi ɗaya. Waɗanda maganar ta fi tayar wa hankali su ne mabiya ɗariƙar Baptist. Kafin 'yancin kai an sha ɗaure masu wa'azinsu a Virginia, har a kurkukun Culpeper da ke cikin mazaɓar, saboda sun yi wa'azi ba da izinin cocin gwamnati ba. Suna son a rubuta musu 'yancin addini baƙi da fari. A farkon Janairu 1789 Madison ya rubuta wa wani limaminsu, George Eve, wasiƙa ya yi alkawarin cewa in ya je majalisa zai nemi a yi gyare-gyaren da za su kare 'yancin addini da na jarida da shari'a a gaban masu taimaka wa alƙali.

Daga nan shi da Monroe suka shiga zagaya mazaɓar, sau da yawa tare, suna muhawara a gaban jama'a cikin tsananin hunturu. Wata rana suka je cocin wasu manoma 'yan asalin Jamus a gundumar Culpeper. Da aka idar da ibada mutanen suka fito waje, suka tsaya cikin dusar ƙanƙara suna sauraron 'yan takarar biyu har suka gama. Madison ya hau doki cikin dare ya yi tafiyar mil 12 zuwa masauki, sanyi ya ci masa hanci, tabon bai rabu da shi ba har tsufansa. Ranar 2 ga Fabrairu aka yi zaɓe. Babu akwati, babu sirri. Mai zaɓe zai zo harabar kotun gunduma, ya tsaya gaban jami'in zaɓe, ya ambaci sunan wanda yake so da babbar murya kowa na ji, akawu ya rubuta. A Orange Madison ya samu 216, Monroe 9. A Spotsylvania, gidan Monroe, Monroe ya samu 189, Madison 115. A Goochland ƙuri'a ɗaya ce ta raba su, 133 da 132. Culpeper, inda aka yi tsayuwar cikin sanyi, ta ba Madison 256, ta ba Monroe 103. Jimla: Madison 1,308, Monroe 972.

Ranar 8 ga Yuni 1789 Madison ya miƙe a zauren majalisa ya gabatar da gyare-gyaren da ya yi alkawari, alhali 'yan ɓangarensa da dama na ganin ɓata lokaci ne. Ya yi ta naci har majalisa ta amince da 12 a watan Satumba, jihohi suka tabbatar da 10 a Disamba 1791, na farkonsu shi ne mai kare addini da faɗin albarkacin baki da jarida. Ni a ganina, da an ba Madison mazaɓa mai sauƙi, inda zai yi zamansa a ɗaki a kawo masa sakamako, da wuya ya ɗaure kansa da wannan alkawari a bainar jama'a. Tsoron faɗuwa ne ya fitar da shi cikin sanyi, ya sa ya saurari limamin ƙauye da manomin da ba ya jin Turanci sosai. Kujerar da aka sha wuya kafin a hau tana sa wakili ya riƙa tuna masu ita. Abin sha'awa kuma, takarar ba ta raba zumuncin mutanen biyu ba. Monroe ya zama sakataren harkokin waje a gwamnatin Madison a 1811, ya kuma gaje shi a shugabancin ƙasa a 1817.

Kada dai kyan labarin ya rufe mana ido. Mutum 2,280 ne suka jefa ƙuri'a a gundumomi 8, dukansu maza farar fata masu mallakar ƙasa. Madison da Monroe duk suna da bayi. Baƙaƙen fatar da ke noma musu taba, 'ya'ya da jikokin waɗanda aka kwaso daga Afirka, kundin ya ce a lissafa kowane biyar a matsayin uku wajen rabon kujeru. Wato yawansu na ƙara wa iyayen gijinsu kujeru a majalisa, su kuwa ko kusa da harabar kotun ba su da ta cewa. Wannan ita ce shata mafi zalunci a duk tarihin, kuma an yi ta ne tun kafin a taɓa taswirar kowace jiha.

Cikin shekarun 1790 ɓangarorin suka zama jam'iyyu sosai. Alexander Hamilton da 'yan Tarayya na son bankin ƙasa da ƙawance da Ingila. Thomas Jefferson da Madison suka ja nasu tsagin, wanda ake kira 'yan Jamhuriya, masu karkata ga Faransa da manoma, kuma ba su ne jam'iyyar Republican ta yau ba. Shugaba George Washington ya yi gargaɗi a kan ƙungiyanci a jawabinsa na bankwana a 1796, ba wanda ya saurara. A 1798 'yan Tarayya suka kafa dokar da ta mayar da wasu nau'o'in sukar gwamnati laifi. Na farkon da aka gurfanar shi ne Matthew Lyon, wakilin yammacin Vermont, ɗan asalin Ayaland, mai zafin kai, wanda a farkon shekarar ya tofa wa Roger Griswold na Connecticut yawu a zauren majalisa, Griswold ya rama da sanda, shi kuma ya rarumi awartakin murhu ya kare kansa. A Oktoba aka yanke masa wata 4 da tarar dala 1,000 saboda sukar Shugaba John Adams, aka kulle shi a Vergennes. Mutanen mazaɓarsa suka sake zaɓensa yana ɗaure, da ƙuri'u kusan ninki biyu na mai bi masa. A Fabrairu 1801, da Jefferson da Aaron Burr suka yi kunnen doki 73 da 73 a zaɓen shugaban ƙasa aka kai maganar Majalisar Wakilai, Lyon ne ya jefa ƙuri'ar Vermont ga Jefferson a zagaye na 36. Da a ce Vermont mazaɓa ɗaya ce dunƙule, wataƙila ƙuri'un gabashin jihar sun danne shi. Ƙaramar mazaɓa da ta san mutuminta ce ta tsaya masa.

Hausawa na cewa in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere, kuma 'yan Tarayyar New Jersey sun ga gaskiyar haka. A 1798 an gwada tsarin mazaɓu a jihar, 'yan Jamhuriya suka ci 3 cikin 5. A 1800 'yan Tarayya suka mayar da jihar mazaɓa ɗaya da zaton za su kwashe duka, sai 'yan Jamhuriya suka kwashe biyar ɗin. A 1812 da 'yan Tarayya suka sake karɓe majalisar jiha, ana dab da zaɓe suka yanka jihar gida 3, kowace mazaɓa kujera 2, suka samu 4 cikin 6. Da 'yan Jamhuriya suka dawo suka soke dokar, a 1814 suka sake share kujerun gaba ɗaya. Duk cikin wannan jeka-ka-dawo babu ɓangaren da ke da aƙida a kan wane tsari ya fi adalci. Wanda yake da rinjaye a jiha yana son dunƙulewa, wanda yake tsiraru yana son yankawa, in al'amura suka juya su yi musayar hujjoji.

A Massachusetts kuwa 'yan Jamhuriya ne suka yi abin. A Fabrairu 1812 Gwamna Elbridge Gerry ya sa hannu a dokar sake shata mazaɓun majalisar dattawan jihar. Ɗaya daga cikinsu, a gundumar Essex, ta lanƙwashe ta zagaye garuruwan 'yan adawa har jaridar Boston Gazette ta zana ta a siffar wata dabba mai fuka-fuki da farata. A zaɓen, 'yan Tarayya sun fi yawan ƙuri'u amma suka tashi da kujeru 11, 'yan Jamhuriya 29. Gerry kansa ya rasa kujerar gwamna a wannan shekara, domin ita ba a shata mata iyaka, kuma shekara na zagayowa aka soke dokar. Mutumin da ya sa hannu a takardar 'yancin kan Amurka a 1776, ya kuma mutu yana mataimakin shugaban ƙasa a 1814, yau da wannan taswira kaɗai yawancin mutane ke tuna sunansa.

Akwai kuma abin da ya biyo bayan nasara. Daga 1800 'yan Tarayya suka yi ta ƙanƙancewa, har bayan zaɓen 1804 'yan Jamhuriya suka riƙe kusan kashi huɗu cikin biyar na majalisa. Da abokin gaba ya yi rauni sai faɗa ya koma cikin gida. A New York magoya bayan iyalin Clinton da na Livingston da na Burr suka yi ta cin dunduniyar juna duk a inuwa ɗaya. A Pennsylvania ɗan jarida William Duane da Michael Leib suka juya wa gwamnan jam'iyyarsu, Thomas McKean, baya, shi kuma ya haɗa kai da 'yan Tarayya ya yi tazarce a 1805. A Virginia John Randolph, wanda ya shugabanci kwamitin kuɗi na majalisa, ya ɓalle daga Jefferson a 1806 yana zarginsa da barin aƙidar jam'iyya. Aka raba shi da shugabancin kwamitin. Da ya ƙi goyon bayan yaƙi da Ingila a 1812, John Wayles Eppes, surukin Jefferson, wanda ya riga ya tare a mazaɓarsa, ya kayar da shi a 1813. Bayan shekara 2 mutanen mazaɓar suka mayar da Randolph. Duk wanda ya ga yadda jam'iyyar PRP ta dare gida biyu, Santsi da Taɓo, bayan ta ci Kano da Kaduna a 1979, ba zai yi mamakin wannan ba. Illar ita ce a mazaɓar da jam'iyya ɗaya ta mamaye, zaɓen gaske yana komawa ɗakin da ake tsayar da ɗan takara, inda mutane ƙalilan ke yanke wa dubbai hukunci, ranar ƙuri'a ta zama cika al'ada.

Sai a 1842 Majalisar Tarayya ta yi amfani da ikon da kundin ya ba ta tun farko. Abin da ya tunzura ta shi ne yadda masu rinjaye a Alabama suka dunƙule jiharsu a 1841 suka share kujerun 'yan adawa. Aka kafa doka cewa kowace mazaɓa wakili ɗaya, kuma yankinta ya zama a haɗe. New Hampshire da Georgia da Mississippi da Missouri suka yi kunnen uwar shegu da dokar, majalisa kuma ta karɓi wakilansu duk da haka. Dokar da ake bi yanzu ta wakili ɗaya a mazaɓa ɗaya ta 1967 ce. Alƙalamin shatawa kuwa har gobe yana hannun majalisun jihohi a yawancin Amurka, kuma a 2019 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce kotunan tarayya ba su da hurumin shiga ƙarar shata mazaɓu don fifita jam'iyya. Ina ganin wannan hukunci ya bar ciwon da aka gada tun 1788 ba magani.

A nan Nijeriya ta yi abin da ya fi na waɗanda ta ara a wurinsu: kundin 1999 bai bar alƙalamin a hannun majalisun jihohi ba, ya ba hukumar zaɓe ta ƙasa, wadda ke raba ƙasar mazaɓun tarayya 360, Kano 24, Legas 24. Ya kuma tanadi a riƙa sake duba iyakokin bayan aƙalla shekara 10, da amincewar Majalisar Tarayya. Amma tun dawowar mulkin farar hula a 1999 mazaɓun tarayya na nan yadda suke, ƙidayar jama'a ta ƙarshe kuma ta 2006 ce. Unguwannin da a da gonaki ne a gefen Kano da Kaduna da Abuja yau sun cika maƙil da mutane, wakilcinsu bai motsa ba. Ga kuma ɗauki-ɗora a zaɓen fid da gwani, wanda ke ba ɗan takara kujera ba tare da ya taɓa tsayawa gaban jama'a ya amsa tambaya ba. Wakilin da ubangida ya naɗa, ubangidan zai yi wa aiki.

Don haka mai karatu, kafin kakar zaɓe ta zo, ka bincika ƙananan hukumomin da suka haɗu suka yi mazaɓarka, da yawan masu rajista a cikinta in an kwatanta da ta maƙwabta. In kana da katin jam'iyya, ka nemi sanin su wa ke zama wakilan zaɓen fid da gwani a gundumarku da yadda aka fitar da su. Ƙungiyoyin unguwa da na 'yan kasuwa da gidajen rediyonmu kuma su gayyaci 'yan takarar majalisa su zauna a dandali ɗaya, a gaban mutanen mazaɓa, kowa ya faɗi alkawarinsa a rubuta da kwanan wata. Wanda ya ƙi zuwa, a sanar da jama'a cewa an gayyace shi ya ƙi.